Mashigar Salang: Ramin da Rabin Afganistan ke Bi Ya Kai ga Ɗaya Rabin

Tsaunukan Hindu Kush sun raba Afganistan gida biyu. Sun taso daga arewa maso gabas, inda ƙololuwarsu mafi tsayi, Tirich Mir, ta kai mita 7,708 a cikin iyakar Pakistan, suka ratsa tsakiyar ƙasar suna raguwa har suka baje a wajajen Herat. Kabul tana kudu da wannan katanga, a kan tudun da ya kai kusan mita 1,800 sama da teku. Amma kaso mai tsoka na abin da Kabul ke ci da abin da take ƙonawa daga arewa yake zuwa: shinkafar Kunduz da Baghlan, kwal da simintin Pul-e Khumri, fulawar Kazakhstan da man fetur da ake saukewa a Hairatan a bakin kogin Amu Darya, har da wutar lantarkin da ake saye daga Uzbekistan da Tajikistan. Kusan duk wannan kaya ta wuri guda yake bi, wato mashigar Salang, kuma motocin da ke ɗauke da shi ta cikin rami guda suke kutsawa, mai tsawon kimanin kilomita 2.7, wanda aka buɗe a 1964.

Ita mashigar tsayinta mita 3,878 ne, tana tsakanin lardin Parwan da na Baghlan. Ramin yana ƙasa da ita, a wajen mita 3,400, amma duk da haka ya ɗara Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, da kusan mita dubu. Mai tasowa daga Kabul zai fara ratsa filin Shomali mai gonakin inabi, ya wuce Charikar, ya isa Jabal Saraj. Daga nan hanya ta shiga kwarin kogin Salang, ta dinga lanƙwasa tana hawa, gidajen laka da dutse a manne jikin gangare ɗaya bisa ɗaya, itatuwa suna raguwa har a daina ganinsu, sai tsurar dutse da dusar ƙanƙara. Kafin a kai bakin ramin sai an bi ta ƙarƙashin rumfunan kankare da aka gina a kan titin, masu rufi da ginshiƙai ta gefen kwari, domin idan dusar ta zaftaro ta bi ta saman motoci ta wuce. In an fita ta arewa kuma sai gangara zuwa Khinjan da Doshi da Pul-e Khumri, inda hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Kunduz da iyakar Tajikistan, ɗaya ta nufi Mazar-e Sharif da iyakar Uzbekistan. Hatta ruwa a nan yake rabuwa. Dusar da ta narke ta fuskar kudu takan bi kogin Panjshir da kogin Kabul ta faɗa Indus har tekun Arabiya, wadda ta narke ta fuskar arewa kuwa ta bi kogin Kunduz zuwa Amu Darya, ta nufi tafkin Aral da ke ƙafewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a tsawon tarihi Salang ba ita ce babbar hanya ba. Gangarenta ya yi tsanani ga raƙumi da kaya, dusar ƙanƙara kuma takan toshe ta watanni. Ayari da rundunonin yaƙi sun fi bin Khawak ta gabas, a ƙarshen kwarin Panjshir, ko Shibar ta yamma a kan hanyar Bamiyan, wadda tsayinta bai wuce mita 3,000 ba. Masana tarihi da dama suna ganin ta Khawak Iskandar na Masedoniya ya haura da rundunarsa a shekara ta 329 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana bin sawun Bessus, wani basaraken Farisa, kuma marubutan da suka ba da labarin tafiyar sun ce guzuri ya ƙare wa sojojin har suka ci ɗanyen naman dabbobin da ke ɗaukar musu kaya, saboda babu itacen da za a hura wuta. Ibn Batuta, wanda daga baya a 1353 ya sauka a Takedda ta ƙasar Nijar ta yau har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai jan ƙarfen garin, ya ƙetare waɗannan tsaunuka wajen 1333. Ya ce sai da suka yi zaman jira a Kunduz kusan kwana arba'in don dabbobi su yi kiwo kuma sanyi ya sassauta, sannan da suka tashi hawa suka riƙa shimfiɗa wa raƙuma barguna a gabansu don kada ƙafafunsu su nutse. Ya kuma ba da labarin yadda bayin da ake korowa daga Indiya suke mutuwa da yawa a wurin saboda sanyi. Babur, wanda ya ci Kabul a 1504 kafin ya kafa daular Mughal, ya lissafa hanyoyi bakwai na ƙetare Hindu Kush, ya ce a lokacin hunturu dukkansu sukan rufe wata huɗu ko biyar in ban da ta Shibar, in dusa ta narke kuma ambaliya ta cika kwaruruka, don haka 'yan watannin kaka ne kawai ake wucewa cikin sauƙi.

Wannan yanayi ya shafi mulki kai tsaye. Sarkin da ke zaune a Kabul ba ya iya aika runduna arewa sai lokacin da tsauni ya yarda, don haka sarakunan Balkh da Kunduz suka daɗe suna cin gashin kansu. Sai a shekarun 1850 Dost Muhammad Khan ya shigar da su ƙarƙashin Kabul sosai. Kuma tsaunin ya bar alamarsa a jikin jama'a: Uzbekawa da Turkmen da Tajikawa sun fi yawa a arewa, Pashtun a kudu da gabas, Hazara a tsakiyar duwatsun. Amir Abdur Rahman, wanda ya yi mulki daga 1880 zuwa 1901 tsakanin Rasha ta arewa da Ingila ta kudu, ya ƙi yarda a shigo masa da layin dogo, don a ganinsa wahalar hanya ita ce garkuwar ƙasarsa. Hanyar mota ta farko zuwa arewa sai a zamanin Sarki Nadir Shah aka kammala ta, wajen 1933, kuma ta Shibar ta zagaya. Babbar mota takan yi kwana uku a kanta.

To me ya sa aka koma Salang, alhali ta fi tsayi da haɗari? Domin ita ce miƙaƙƙiyar hanya tsakanin Kabul da Pul-e Khumri, kuma a wurin doron tsaunin ya yi siriri yadda za a iya huda shi da gajeren rami. Abin da ya rage shi ne kuɗi da injiniyoyi, su kuwa siyasa ce ta kawo su.

Afganistan ba ta da teku. A wancan lokacin kayanta na waje ta tashar Karachi da ke Pakistan suke shigowa, ga shi kuma tun ranar farko ba ta jituwa da Pakistan a kan layin Durand, wato iyakar da ke tsakaninsu, da makomar Pashtun da ke ɗaya gefensa. Ita kaɗai ce ta kaɗa ƙuri'ar ƙin shigar Pakistan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947. Duk lokacin da rigima ta tashi sai Pakistan ta matse hanya, kamar yadda aka yi a 1950 da 1955, sannan aka rufe iyaka daga 1961 zuwa 1963, lokacin da sai da jiragen saman Tarayyar Sobiyet suka riƙa kwashe inabin Afganistan don kada ya ruɓe a hannun manoma. Muhammad Daud Khan, ɗan gidan sarauta da ya zama firaminista a 1953, ya nemi makamai a wurin Amurka bai samu ba, domin Amurka ta riga ta ƙulla ƙawancen soja da Pakistan. Sai ya juya arewa. A watan Disamban 1955 shugabannin Sobiyet Khrushchev da Bulganin suka zo Kabul suka ba da rancen dala miliyan 100, kuma cikin ayyukan da suka biyo baya har da hanyar Salang. An fara aiki a 1958, aka buɗe a 1964 zamanin Sarki Zahir Shah. Tafiyar kwana uku ta koma ta wajen awa goma. Ramin ya zama wanda ya fi kowane ramin mota a duniya nisa sama da teku, sai a 1973 wani da Amurka ta haƙa a jihar Colorado ya ɗara shi kaɗan.

Akwai masu cewa tun farko Sobiyet ta gina hanyar ce don wata rana tankokinta su bi. Ni ban gamsu da wannan ba. Daud ne ya fi kowa son hanyar, don yana son ƙofar da Pakistan ba ta da mabuɗinta, yana kuma son ikon Kabul ya isa arewa rani da damina. A daidai lokacin Amurka ma tana shimfiɗa titin Kabul zuwa Kandahar, kowa yana zawarcin ƙasar da kwalta. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tare da hanyar, cinikin ƙasar da makamanta da horon hafsoshinta duk suka karkata arewa, kuma cikin waɗannan hafsoshi aka samu waɗanda suka kifar da Daud kansa a 1978. Da Disamban 1979 ta zo, rundunar Sobiyet da ta ƙetaro Amu Darya daga garin Termez na Uzbekistan ta tarar da titi a shimfiɗe har Kabul, cikin tsakiyar hunturu, lokacin da a zamanin Babur babu wanda zai ko fara tunanin tasowa.

A nan ya kamata a tsaya a dubi yadda aka gina ramin, don daga nan yawancin masifun da suka biyo baya suka samo asali. Tsauni faɗinsa a gindi yake, yana sirancewa in ana hawa. Wanda ya huda shi daga ƙasa zai haƙa dogon rami mai tsada, amma motoci ba za su hau can sama ba. Wanda ya huda shi kusa da ƙololuwa ramin zai yi gajarta da araha, amma dole titi ya hau har inda dusar ƙanƙara take zaftarewa. Na biyun aka zaɓa. Saboda haka kilomitoci masu yawa na titin, ta kudu da ta arewa, suna kwance a ƙarƙashin gangaren da dusa ke taruwa a kai, kuma rumfunan kankaren ba su rufe ko'ina ba. Sannan a tsayin mita 3,400 iskar da ake shaƙa ba ta wuce kashi biyu bisa uku na ta bakin teku ba. Mutum yakan yi haki, inji ma haka: ba ya ƙona mai yadda ya kamata, ƙarfinsa ya ragu, hayaƙinsa ya ƙaru. Ramin kuma bututu ɗaya ne, faɗinsa wajen mita 7, mai zuwa da mai dawowa duk a ciki, babu wani rami a gefe da za a tsere ta ciki. Ruwa yana ɗiga daga rufi, da dare ya daskare, ya farfasa kwalta. Idan fankokin fitar da hayaƙi suka tsaya, mota ɗaya ta lalace a tsakiya, na baya suka ƙi kashe inji saboda sanyi, to gubar hayaƙin kaɗai ta isa ta kashe mutane ba tare da an ga wuta ba.

Haka kuwa aka yi. A watan Fabrairun 1980 sojojin Sobiyet 16 suka shaƙe a ciki bayan cunkoso ya tsayar da ayarinsu. Ranar 3 ga Nuwamban 1982 aka yi babbar, lokacin da ayarin motocin soja da na farar hula suka maƙale a cikin ramin. Alƙaluman Sobiyet sun ce sojojinta 64 da 'yan Afganistan 112 suka mutu. Rahotannin ƙasashen Yamma na lokacin sun ambaci adadin da ya haura dubu biyu. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, wannan na cikin mafi munin haɗarin hanya da aka taɓa yi.

A shekarun yaƙin nan duka Salang ce jijiyar rundunar Sobiyet. An kammala gadar Termez zuwa Hairatan a 1982, an ja bututun mai a gefen titi har Bagram, an kafa sansanoni a kan tuddai. Ga kuma kwarin Panjshir yana buɗewa dab da bakin hanyar ta kudu, wanda shi ya sa Ahmad Shah Mas'ud ya fi sauran kwamandojin mujahidai tsone wa Mosko ido: ba sai ya ci wani birni ba, ya isa ya riƙa ƙona tankokin mai a kan lanƙwasa. An kai wa Panjshir manyan hare-hare a jere ba a murƙushe shi ba, har a 1983 aka yi yarjejeniyar tsagaita wuta da shi. Abin da ya fi ci mini rai a wannan babi shi ne na watan Janairun 1989. Saura makonni kaɗan a gama janyewa, aka yi kwanaki ana luguden wuta a ƙauyukan kudancin Salang, mutanen da ba su da laifin komai sai zama a gefen hanya suka mutu da yawa. Ranar 15 ga Fabrairu sojan ƙarshe ya ƙetare gada.

Gwamnatin Najibullah, wadda Sobiyet ta bari a Kabul, ta yi shekara uku bayan haka saboda abinci da mai da harsashi suna ci gaba da gangarowa ta Salang. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe tallafi ya yanke, Janar Abdul Rashid Dostum kuma ya juya masa baya a arewa a farkon 1992, gwamnatin ba ta kai ƙarshen Afrilu ba. Taliban sun shiga Kabul a 1996, suka tura mayaƙa arewa ta ramin a 1997, sai mutanen Mas'ud suka tarwatsa bakinsa, waɗanda suka wuce suka rasa ta komawa. Shekaru bayan haka mota ba ta bi. Mutane a ƙafa suke ratsawa cikin duhu, da fitila a hannu da kaya a ka, suna tsallake tarkacen ƙarfe da kankare, 'yan dako suna sauke kaya daga motar wannan gefe su kai wa ta wancan. Sai a watan Janairun 2002 aka buɗe shi, bayan an kifar da Taliban, kuma ma'aikatan Rasha da ƙungiyoyin Faransa da Birtaniya sun kwashe nakiyoyi da ɓaraguzai.

Daga nan ne labarin ya fi ba da takaici, domin wannan karon akwai kuɗi. Shekara ashirin ana zuba biliyoyin daloli a Afganistan, amma ramin nan faci kawai ya riƙa sha. An tsara shi don motoci kimanin dubu a rana, ya koma ɗaukar ninkin haka sau da yawa, yawancinsu tireloli da aka lafta wa kaya fiye da kima. A watan Fabrairun 2010 dusar ƙanƙara ta zaftaro a wurare da dama a kudancin ramin cikin dare da yini, ta binne wasu motoci, ta tunkuɗa wasu cikin kwari, sama da mutum 160 suka rasu, aka ceto dubbai da suka kwana a maƙale. A watan Nuwamban 2011 jiragen NATO suka kashe sojojin Pakistan 24 a kan iyaka, Pakistan ta rufe wa rundunar ƙawance hanya har zuwa Yulin 2012, sai lodin kayan soja ya koma ta arewa ya danne Salang. Aka koma ba manyan motoci hannu ɗaya, yau masu hawa daga kudu gobe na arewa, direbobi suna kwanaki a layi, suna ɗaura sarƙa a taya da yatsun da suka sandare, suna hura wuta a ƙarƙashin tankin gas don man da ya daskare ya saki. Ƙasa mafi ƙarfin soja a duniya ta ga da idonta cewa makomar rundunarta ta rataya a kan ramin da abokiyar gabarta ta haƙa shekara hamsin baya, kuma duk da haka ba a haƙa na biyu ba.

Wutar lantarki ma ta bi sawun titi. Tun 2009 layin da ya kawo wutar Uzbekistan Kabul ta kan Salang ya bi, don haka duk lokacin da dusa ta kayar da turaku, kamar a Fabrairun 2015, ko 'yan bindiga suka fasa su a Baghlan, babban birni sai ya koma duhu cikin sanyi. A 2016 gwamnatin Ashraf Ghani ta tsaya a kan cewa sabon babban layin da zai kawo wuta daga Turkmenistan shi ma ta Salang zai bi, maimakon Bamiyan da wani binciken farko ya nuna. Hujjar gwamnati ita ce araha da sauri. Hazarawa suka ce an sake tsallake yankinsu kamar yadda titin 1964 ya tsallake shi, suka fito zanga-zanga dubbai a Kabul. Ranar 23 ga Yulin shekarar 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar IS suka tayar da bam a cikin taronsu a dandalin Deh Mazang, aƙalla mutum 80 suka mutu. Ban da batun adalci, a ganina masu zanga-zangar sun fi gwamnati gaskiya ko ta fuskar lissafi kawai: gidan da ƙofarsa ɗaya ce, ba a ƙara tara dukiya a bakin ƙofar, wata ake fasawa.

An san maganin, kuma ba ɓoyayye ba ne. A 2015 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 don gyara titin Salang da kuma kwalta hanyar Doshi zuwa Bamiyan mai tsawon kimanin kilomita 150, yadda za a samu inda za a karkata motoci in an rufe ramin don gyara na gaske. Bankin Raya Asiya kuma ya biya kuɗin nazarin sabon rami mai tsawon wajen kilomita 12 a ƙasa da na yanzu, wanda zai raba titi da mafi munin wuraren zaftarewa. Aikin hanyar Bamiyan ya yi ta jan ƙafa saboda rashin tsaro da matsalar 'yan kwangila, sabon ramin bai wuce takarda ba, da Taliban suka dawo a Agustan 2021 kuma kuɗin waje ya tsaya.

Ranar 17 ga Disamban 2022 wata tankar mai ta kife a cikin ramin ta kama da wuta, aƙalla mutum 31 suka mutu, da yawansu hayaƙi ne ya kashe su kafin su kai ko wanne baki. A 2023 gwamnatin Taliban ta rufe hanyar na wani lokaci ta zuba kankare a ƙasan ramin da rumfunan, motoci suka koma zagayawa ta Shibar, tsohuwar hanyar Nadir Shah. Gyaran ya rage ramuka a titi, amma bai ƙara wa bututun faɗi ba, bai kuma sauko da shi daga mita 3,400 ba. Ga shi dangantaka da Pakistan ta sake tsami, an rufe mashigan iyaka na Torkham da Chaman bayan artabun watan Oktoban 2025, hukumomin Kabul suna kira ga 'yan kasuwa su nemi hanyoyin Iran da Asiya ta Tsakiya. Kayan Iran ta Herat da Nimruz suke shigowa. Na Uzbekistan da Kazakhstan da Tajikistan kuwa, in dai Kabul ko Jalalabad za su, sai sun hau layi a Khinjan.